Tambaya da Amsa: Raya Murjanin da Aka Ciro Daga Teku a Cikin Tankin Gilashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, kuma na daɗe ina kiwon kifayen ruwan gishiri a tankin gilashi mai cin lita 400. Watanni biyu da suka wuce na sayi babban curin murjani mai rassa, irin wanda ake kira Acropora, wanda mai shagon ya ce daga tekun Ostireliya aka ciro shi. Ranar da na kawo shi gida rassansa shuɗaye ne, kawunansu kuma shunayya, amma yanzu gaba ɗayansa ya koma ruwan ƙasa, ko da yake bai mutu ba. Shin rini aka yi masa, ko kuwa ni ne na yi kuskure?
Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ana samun 'yan kasuwar da ke rina wasu halittun teku don su ja hankalin mai saye, amma abin da ka kwatanta ba alamar rini ba ce. Abu ne da ke samun yawancin murjanin da aka ciro daga teku a watanninsa na farko a cikin tanki, kuma idan ka fahimci inda launin yake fitowa za ka ga dalili.

Abin da ido ke gani kamar dutse mai rassa taron ƙananan dabbobi ne, kowace da bakinta da 'yan hannuwan da ke kewaye da shi, suna zaune a kan ƙashin farar ƙasa da su da kansu suka gina daga kalsiyam da kabonet na ruwan teku. Naman da ya rufe ƙashin nan siriri ne ƙwarai, kuma a cikinsa akwai miliyoyin ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, waɗanda suke sarrafa hasken rana su samar da sukari, su miƙa wa dabbar mafi yawansa, ita kuma ta ba su mafaka da sharar jikinta da suke amfani da ita a matsayin taki. Launin waɗannan ƙwayoyin ruwan ƙasa ne. Shuɗi da kore da shunayya da ruwan hoda kuwa daga wasu furotin suke da dabbar ke ƙerawa a jikinta, dangin furotin ɗin nan mai ƙyallin kore da aka fara ganowa a jikin wata halittar teku, wanda bincike a kansa ya sa aka ba Osamu Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Saboda haka launuka biyu ne suke gogayya a jikin murjaninka: idan ƙwayoyin gansakuka suka yi yawa, ko kowace ta ƙara duhu, ruwan ƙasa ya rufe shuɗin, idan suka ragu daidai gwargwado, shuɗin ya bayyana.

Abubuwa biyu ne suka canza masa tun da ya bar teku. Na farko haske. Murjanin da ya girma a ruwa marar zurfi ya saba da ranar tsaka wadda ƙarfinta ya ninka na fitilar tanki sau da yawa, kuma wani ɓangare na launin nan mai kyau garkuwa ne da ya yi wa kansa daga wannan rana. Da hasken ya ragu, bukatar garkuwa ta ragu, ƙwayoyin gansakuka kuma suka ƙara duhu don su kama ɗan hasken da ke akwai. Na biyu taki. Ruwan da ke kewaye da tudun murjani a teku kusan ba shi da naitiret da fosfet, alhali tankin da ake ciyar da kifi a cikinsa kullum yana tara su, su kuwa abinci ne ga gansakuka.

Shawarata ta farko ita ce kada ka yi komai da gaggawa. Murjanin da ya koma ruwan ƙasa yana cin abinci, yana da rai, kuma a ganina ya fi wanda ya yi haske fat kwanciyar hankali, domin wanda ya koɗe ya zama fari ƙwayoyinsa ne ya zubar, yunwa kuma tana jiransa. Idan kana da hanyar aron na'urar auna hasken da tsirrai ke amfani da shi, wato ma'aunin PAR, ka auna a daidai inda curin yake. Yawancin masu kiwon Acropora suna ajiye shi tsakanin 200 da 350, ɗauke da shuɗin haske mai yawa, domin shuɗin haske ne ya fi zuga dabbar ta ƙera furotin masu launi. Idan hasken naka bai kai ba, ka riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan a kowane mako, ba a dare ɗaya ba. Game da taki, ka nemi naitiret ya zauna tsakanin 2 da 10 a ma'aunin kashi cikin miliyan, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. Kada wani ya ruɗe ka cewa sifiri ne ya fi kyau. Farfesa Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton a Ingila sun nuna cewa idan naitirojin, wato sinadarin da ke cikin naitiret, ya yi yawa a ruwa alhali fosfet ya ƙare, ƙwayoyin gansakuka suna raunana, murjanin kuma ya fi saurin koɗewa idan zafi ko haske ya ƙaru. Wannan ne ke faruwa ga mutumin da ya zuba maganin tsotse fosfet da yawa don yana son launi ya dawo kafin ƙarshen wata.

Dawowar launi kan ɗauki watanni, kuma a kan sababbin kawunan rassa za ka fara ganinsa, ba a tsohon jiki ba. Akwai kuma curin da ba ya taɓa komawa yadda yake a teku, sai dai ya ɗauki wani launin da ya dace da fitilarka. Idan yana tofo, 'yan hannuwansa kuma suna fitowa da dare, to yana lafiya.

TAMBAYA: Na sayi curi biyu na murjani mai rassa da aka ce na teku ne. Ɗaya daga cikinsu ya yi mako uku lafiya, sai wata safiya na tarar naman gindinsa yana saɓulewa, farin ƙashi ya bayyana, kafin magariba ya ci rabin curin. Washegari babu abin da ya rage. Ina tsoron kada na biyun ya bi shi. Me ya kashe shi?
Mai karatu daga Abuja

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ita ce saɓulewar nama mai sauri, kuma ita ce babbar fargabar duk mai kiwon Acropora. Tana iya cinye curi guda cikin yini ɗaya ko biyu. Akwai mai tafiyar hawainiya da ke hawa daga gindi a cikin makonni. An sha samun ƙwayoyin cuta dangin Vibrio da wasu ƙananan halittu masu cin nama a bakin raunin, amma galibi suna samun ƙofa ne bayan wani abu ya riga ya raunana dabbar. Idan ka sake ganin haka, kada ka jira ka ga ko za ta tsaya. Ka fitar da curin, ka yanke rassan da ke da lafiya da tazara mai kyau sama da inda farin ya kai, ka manna su da gam mai kauri a kan wani dutse mai tsabta inda ruwa ke kaɗawa sosai, ka zubar da sauran. Ko reshe biyu ka tsira da su, ka tsira da irin.

Game da abin da ya raunana shi, zan fara tuhumar kabonet ɗin ruwanka, wanda ake aunawa da ma'aunin dKH. Ruwan teku yana kusa da 7, kuma a nan murjanin ya yi rayuwarsa duka ba tare da adadin ya motsa ba. Wasu gishirin tanki da ake sayarwa suna haɗa ruwa mai 11 ko 12, don haka canjin ruwa babba guda ɗaya ya isa ya girgiza curin da bai saba ba. Ko'ina tsakanin 7 da 9 ya yi, muddin ka zaɓi wuri ɗaya ka zauna a kai, kada ya hau ko ya sauka fiye da maki 1 a rana. Kalsiyam ya kasance tsakanin 400 da 450, maganiziyam tsakanin 1250 da 1350, duka a ma'aunin kashi cikin miliyan, gishiri kuma gram 35 a kowane kilo na ruwa. A cikin waɗannan duka kabonet ne ya fi bukatar sa ido, domin shi ne ya fi ƙaranci a ruwa: duk lokacin da murjani ya ci maki 1 na dKH wajen gina ƙashi, kalsiyam da ya ci bai wuce maki 7 ba daga cikin ɗari huɗu da wani abu. Saboda haka kalsiyam zai nuna maka komai lafiya alhali kabonet ya faɗi warwas. Ka auna shi sau biyu ko uku a mako a sa'a ɗaya, ka gane nawa tankinka ke ci a rana, sannan ka riƙa mayar masa da wannan adadin a ɗige-ɗige. Hanyar da aka fi bi ita ce zuba narkakken kalsiyam kulorayid da narkakken sodiyam baikabonet daban-daban, tsarin da Bajamushe Hans-Werner Balling ya yaɗa a shekarun 1990. Kada ka haɗa su a kwano ɗaya, domin nan take za su koma alli.

Abu na biyu motsin ruwa. Curin da ya girma a teku ya tsara rassansa bisa igiyar ruwan wurin da ya fito, kuma tsakiyarsa a cushe take. A cikin tanki ruwa kan wuce ta gefensa ya bar cikin a tsaye, datti ya taru, iskar oksijin ta yi ƙaranci da dare, nama ya fara mutuwa daga inda ba ka gani. Yana bukatar injin motsa ruwa fiye da ɗaya, suna bugowa daga sassa daban-daban suna canza ƙarfi, ba tare da an saita ɗaya kai tsaye a jikinsa ba. A gindin irin wannan curi kuma akan samu soson teku da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da suka mutu a hanya suna ruɓewa, shi ya sa ƙwararru da yawa suke yanke tsohon gindin su yar tun ranar farko.

Na uku kwari, kuma a nan ne murjanin teku ya fi wanda mutane suka noma hatsari. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai cin naman Acropora wadda launinta ya saje da na murjanin, sai dai ka gane ta da 'yan zagayayyun tabon cizo a ƙasan rassa da curin ƙwayaye masu ruwan zuma a kan ƙashin da ya mutu. Akwai jajayen ƙwari ƙanana kamar ɗigon allura da ke hana murjani buɗe hannuwansa. Wani irin murjani da ake kira Montipora kuma yana da nasa maƙiyin, wata farar katantanwa marar ɓawo mai gashi-gashi. Magungunan tsoma murjani da ake sayarwa suna kashe manyan, amma ba sa taɓa ƙwayayen, saboda haka tsomawa sau ɗaya ba ta wadatar ba. Curinka na biyu ka mayar da shi ƙaramin tanki na killacewa mai haskensa da motsin ruwansa, ka riƙa tsoma shi sau ɗaya a mako har tsawon mako shida, kana kankare duk ƙwan da ka gani. Kafin ka tsoma, ka duba tsakanin rassan: idan ka ga 'yar ƙaguwa mai santsin baya, irin Tetralia ko Trapezia, ka cire ta a hankali ka ajiye a gefe ka mayar daga baya, domin mai gadin gidan ce, tana share masa laka tana korar masu cinsa. Mai gashi a jiki da baƙaƙen kawunan almakashi ita ce ake raba shi da ita.

TAMBAYA: Ɗana ya matsa mini sai mun kafa tankin murjani a falo kamar yadda yake gani a intanet. Muna Kano, muna da rijiyar burtsatse da janareta. Zai yiwu kuwa?
Wata uwa daga Kano

AMSA: Hajiya, zai yiwu, amma gara ki san nauyin abin kafin ki ɗauka. Murjani yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas dare da rana, shekara duka. A teku, idan zafin ruwa ya haura wanda aka saba gani a watan da ya fi zafi da digiri 1 kacal ya kuma daɗe makonni a haka, murjani yakan zubar da ƙwayoyinsa ya koɗe. Haka ta faru a faɗin duniya a 1998 da 2010 da tsakanin 2014 da 2017, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da karo na huɗu. To ki kwatanta wannan da falon Kano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura 40. Dole sai da na'urar sanyaya ruwa, ko ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa, sannan da abin ɗumama ruwa saboda daren hunturu.

Abin da ya fi zafi saurin kisa shi ne tsayawar ruwa. Idan aka ɗauke wuta injinan suka tsaya, kifi da murjani da ƙwayoyin da ke cikin duwatsu suna shanye oksijin cikin 'yan sa'o'i, musamman da dare. Janaretan da sai an tashi an tayar ba abin dogaro ba ne ga wannan aiki. Ana bukatar batir da inbata, ko sola, waɗanda za su ɗauki aƙalla injin motsa ruwa ɗaya ba tare da katsewa ba. Fitila na iya mutuwa kwana biyu murjani bai mutu ba, amma motsin ruwa ba ya jiran gari ya waye.

Ruwan rijiyar burtsatse ba ya shiga tanki sai ya bi ta matatar da ke cire dukkan narkakkun sinadarai, wadda ake sayarwa da sunan RO/DI, domin yana iya ɗauke da naitiret da ƙarfe. Na famfo ma haka, ga kulorin a ciki. Jan ƙarfe ko kaɗan ne guba ne ga murjani, don haka maganin kifi mai ɗauke da shi da kayan famfo na tagulla su yi nesa da tankin. Gishirin girki kuma ba ya aiki, sai gaurayen gishirin teku da aka haɗa musamman. Idan duk wannan bai karya miki gwiwa ba, ku fara da duwatsu da kifi kaɗan, ku bar tankin ya yi wata shida zuwa shekara ya zauna, sannan ku gwada masu haƙuri irin su Montipora da Stylophora da Duncanopsammia, 'yan yanka da aka raina a tanki. Curin Acropora na teku ba na mai koyo ba ne, kuma zan faɗa wa yaron haka ko da ransa zai ɓaci.

TAMBAYA: Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya, shi ma ana iya kiwonsa a tanki?
Mai karatu daga Damagaram

AMSA: Wannan wani dangi ne daban. Na asalin, Corallium rubrum, a Bahar Rum yake, a cikin kogunan dutse da zurfin da haske bai cika kaiwa ba, kuma garin Torre del Greco da ke kusa da Napoli a Italiya ya shahara da sassaƙa shi. Ba shi da ƙwayoyin gansakuka, don haka haske ba ya ciyar da shi, sai abin da ya kama daga ruwa. Yana son ruwa mai sanyi, kuma kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Cibiyoyin bincike suna ajiye shi, amma ba abin kiwon gida ba ne.

TAMBAYA: Idan Allah ya kai ni Umara ina so in je bakin Bahar Maliya. Na ji an ce murjanin can ya fi jure zafi. Zan iya ɓallo ɗan reshe in zo da shi gida a gora?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Allah ya kai ka lafiya, amma ka bar reshen inda yake. Dukkan murjani masu ƙashin dutse suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 don sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana, kuma Najeriya da Saudiyya duka suna cikinta. Ma'anar haka ita ce ba a ƙetare iyaka da murjani sai da takardar izinin fitarwa daga ƙasar da ya fito, kuma ƙa'idar ta shafi har mataccen ƙashin da ka tsinta a bakin ruwa. Jami'an kwastan na iya ƙwacewa su kuma ci ka tara.

Gaskiya ne cewa bincike ya nuna murjanin arewacin Bahar Maliya, musamman na mashigin Aƙaba, yana jure ƙarin zafi na digiri da yawa fiye da abin da ya saba, kuma wannan ne ya sa masana suke ɗora masa fata.  Sai dai jure zafi ba ya nufin jure tafiya. Gishirin wannan teku ya kai gram 40 a kilo, sama da na tankin da za ka saka shi, kuma reshen da aka ɓalle yana fitar da majina mai yawa wadda ke ɓata ruwan gora cikin sa'o'i. Masu fitar da shi bisa ƙa'ida suna ajiye shi ya warke tukuna, su ɗaure shi cikin leda da oksijin a akwati mai riƙe sanyi, duk da haka wasu ba sa isa da rai.

Kasuwar kanta ta daɗe tana juyawa daga ciro murjani a teku. Fiji ta dakatar da fitar da shi a ƙarshen 2017. Indunusiya, wadda ta fi kowa fitarwa, ta rufe ƙofa a 2018, ta sake buɗewa a farkon 2020 ga wanda aka noma a gonakin cikin teku, inda masunta ke manna 'yan rassa a kan faifan siminti su jera a kan teburan ƙarfe a ruwa marar zurfi har su girma. Ostireliya tana ci gaba da ba da lasisin ciro na teku a jihar Queensland bisa ƙayyadadden adadi, daga nan ne da yawa daga cikin manyan curin da ake gani a shaguna suke zuwa. Akwai kuma rukuni na uku, wanda aka haifa aka raina a tanki. Tun shekarun 1980 wani mai kiwo a Barlin, Dietrich Stüber, ya raya Acropora da ya tsiro masa a kan dutse, a lokacin da ake ganin hakan ba zai yiwu ba, kuma har yau rassan wannan curi suna yawo daga hannu zuwa hannu da sunansa. A 2013 gidan tarihi na Horniman da ke Landan, ƙarƙashin Jamie Craggs, ya sa murjani ya saki ƙwai da gangan a rufaffen tanki ta hanyar kwaikwayon zagayen wata da sauyin zafin shekara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan reshen da ya taso a ƙarƙashin fitila ya riga ya saba da hasken tanki da takinsa, launin da ka gani a shago shi ne wanda zai riƙe a gidanka, kuma rassansa za su tofo bisa motsin ruwan da kai ka tanadar masa. Idan ka je saye, ka tambayi mai shagon ko na teku ne, ko na gonar teku, ko na tanki, da tsawon lokacin da ya yi a hannunsa, da adadin dKH na ruwansa. Ka ɗaga faifan ka duba gindin: idan nama ya malalo ya rufe gam ɗin ya fara bin simintin, ya warke daga yanka, ana iya ɗaukarsa. Idan gam ɗin yana nan fari a fili, sabon yanka ne, ka ce ya ajiye maka shi na wasu makonni.